Farar Ƙasar Ƙanƙara: Inda Hannun Magini Yake Haɗuwa da Ma'aunin Masani

Duk wanda ya san Ƙanƙara ya san farar ƙasa. Ana haƙo ta daga ramuka a ƙauyukan da ke kewaye da garin, a farfasa, a shanya, a ɗura a buhuna, manyan motoci su kwasa su bi ta Sheme ko ta Malumfashi su nufi Funtuwa, daga nan sai kamfanonin fenti da na alli a birane masu nisa. A gida kuwa, aikinta da aka fi sani shi ne shafen ɗaki: a jiƙa ta, a bi bango da ita, ɗakin amarya ya fito fes. Kaɗan ne cikin masu ɗora buhunan nan a mota suka taɓa riƙe abin da gwanin ginin tangaran yake mayar da ita, wato kwano fari tas, mai santsi, wanda in ka ƙwanƙwasa shi da farce sai ya yi ƙara siririya ta daɗe tana amo.

Wannan gwani ya cancanci yabo, domin sana'arsa ba ta yarda mutum ya tsaya a gefe guda. Mai zane yana iya rayuwa bai san kimiyya ba, masanin sinadarai kuma yana iya yin ritaya bai taɓa zana ko ƙadangare ba. Mai tangaran ba shi da wannan 'yanci. In idonsa ya iya siffa amma bai san halin ƙasa da wuta ba, zai buɗe tanderu ya tarar da tsingaro. In ya haddace lissafin sinadarai amma hannunsa bai iya ba, zai fito da abu mai ƙwari wanda ba wanda zai so ya ajiye a ɗakinsa.

Ƙasar da ba ta ginuwa ita kaɗai

Ka miƙa wa tsohuwar maginiyar tukwane dunƙulen farar ƙasa, za ta jiƙa shi, ta murza tsakanin tafukanta, ta lanƙwasa, ya karye, ta ce maka: "Ɗan nan, wannan ba ta da danƙo." Gaskiya ta faɗa, kuma dalilin yana cikin tarihin ƙasar kanta.

Kudancin Jihar Katsina yana zaune ne a kan tsofaffin duwatsu irin su giranit. A cikinsu akwai wani ma'adini da ake kira felsfa. Shekaru dubbai bisa dubbai ruwa yana ratsa dutsen yana wanke gishirin da ke cikin felsfa, har ya ruɓe ya zama gari fari mai laushi. Wannan garin shi ne farar ƙasa, wadda masana ke kira kawolin. In tatacciya ce, kusan kashi 46 cikin 100 na nauyinta silika ne, kusan kashi 40 alumina, saura kusan kashi 14 kuma ruwa ne da ke ɗaure a cikin ƙirar ƙwayoyinta, wanda shanya ba ta fitar da shi.

Ita farar ƙasa tana nan inda aka haife ta, ba ta yi tafiya ba. Yumɓun fadama kuwa ruwa ne ya kwaso shi, ya niƙe shi a hanya, ya gauraya shi da tsatsar ƙarfe da ruɓaɓɓen ganye. Niƙan da ya sha shi ya ba shi danƙo, tsatsar kuma ita ke sa tukunya ta yi ja in an gasa. Farar ƙasa ta tsira da tsabtarta amma ta rasa danƙon. Sannan tana da taurin kai a gaban wuta: sai zafi ya haura digiri 1700 a ma'aunin Salshiyas take narkewa, alhali wutar kara da itace da ake gasa tukwane a matoya ba kasafai take wuce digiri 900 ba. Ƙasa ce mai daraja da ba ta miƙa wuya ga hannu kaɗai, ba ta kuma miƙa wuya ga wutar gida. Sai an yi mata dabara.

Wanki da haɗi

Dabara ta farko wanki ne, kuma duk macen da ta taɓa tace gasarar koko ta san yadda ake yi. A jiƙa ƙasar a kwatarniya ko a ƙaramin tanki, a dama sosai, a ɗan dakata yashi da tsakuwa su nutse, a tsiyaye farin ruwan ta rariya zuwa wani mazubi, a bar shi ya kwana ya kwanta, a zubar da ruwan sama, a shanya abin da ya rage. Gwani yana sanin lokacin tsiyayewa da ido da kuma shafa ruwan tsakanin yatsu. Masani kuwa yana da lissafin da Bature George Stokes ya fitar a 1851: in ƙwaya ta gaza 'yar'uwarta girma da rabi, saurin nutsewarta zai ragu sau huɗu. Da wannan lissafi ake sanin minti nawa za a jira a raba ƙwayoyin da ake so da waɗanda ba a so.

Dabara ta biyu haɗi ne. Sanannen haɗin tangaran a duniya shi ne rabi farar ƙasa, rubu'i felsfa, rubu'i kwaz, wato farin dutsen nan mai ƙarfi wanda shi ne asalin yashi. Farar ƙasa ke riƙe siffa, felsfa ke narkewa ta liƙe ƙwayoyi, kwaz ke zama ƙashin da ke hana kwanon lanƙwashewa. Sai a ƙara ɗan yumɓu mai danƙo don hannu ya samu abin juyawa. Amma wannan ƙa'idar littafi ce. Ƙasar wannan rami dabam take da ta wancan, har ma ƙasar saman rami dabam da ta gindinsa. Saboda haka gwani ba ya gina komai sai ya yi gwaji. Zai yi ɗan sanda na yumɓu, ya ja masa layi mai tsawon santimita 10, ya auna bayan ya bushe, ya sake aunawa bayan gashi. Yawanci tangaran yakan tsuke da fiye da kashi 10 cikin 100, don haka wanda aka ba odar murfi da tukunya dole ya gina su da wannan ragi a ransa. Zai kuma ɗauki gasasshen guntu ya auna nauyinsa, ya tafasa shi a ruwa, ya sake aunawa. Tangaran na ƙwarai ba ya shan ruwan da ya kai rabin kashi ɗaya cikin 100. Randa kuwa tana iya shan kashi 10 ko fiye.

Kada a ɗauka shan ruwan randa aibi ne. Shi ne sirrin sanyinta: ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin jikinta, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. A kan wannan hali ne Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya gina dabararsa ta sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Su ma maginan karkara da ke daka tsingaro su zuba cikin sabon yumɓu suna yin abin da injiniya zai sa wa hannu: tsingaron yana rage tsukewa, yana buɗe wa tururi hanya, yana sa tukunya ta jure hawa murhu kullum ba ta tsage ba.

Karatun wuta

A nan ne ake gane gwani. Tanderun tangaran gini ne na tubalin da ke jure zafi, kuma gashi ɗaya yana iya cin yini guda har da dare. Abin da ke faruwa a ciki hawa-hawa ne, kowane hawa da haɗarinsa.

Da farko sai a hankali, domin sauran danshin da ke cikin yumɓu yana zama tururi, in aka gaggauta sai kaya su fashe. Tsakanin digiri 450 da 600 ruwan nan da ke ɗaure cikin ƙwayoyin farar ƙasa yake fita, kuma daga nan ba komowa: abin da ya wuce wannan mataki, ko shekara ya yi cikin ruwa ba zai sake zama laka ba. A digiri 573 cif ƙwayoyin kwaz sukan sauya ƙira su kumbura farat ɗaya, sannan su tsuke a wannan mataki in tanderu yana hucewa. Mai gaggawar buɗe ƙofa a nan yake asarar aikin wata guda. Can sama da digiri 1100 felsfa take fara narkewa ta cike ƙofofi, wasu siraran allurai na ma'adinin mulayit su tsiro su sarƙe cikin jikin kwanon. Su ke ba tangaran ƙarfinsa. Wajen digiri 1250 zuwa 1300 aiki ya nuna.

Tun kafin a ƙera na'urar auna zafi, magina suna karanta wannan tafiya da launin wuta ta ɗan ramin leƙe: ja mai duhu, ja jawur, ruwan lemo, rawaya, sannan fari mai kashe ido. A 1886 wani masanin sinadarai Bajamushe, Hermann Seger, ya fito da wasu 'yan tsinaye masu siffar dala, kowanne da haɗin da zai sa ya sunkuya a wani mataki. Fa'idarsu ita ce da irin kayan tangaran aka yi su, don haka suna jin zafi da tsawon lokaci tare, kamar yadda kayan da ke cikin tanderun suke ji. Har yau gwani yakan ajiye na'urar zamani a gefe, ya leƙa ya ga tsininsa ya sunkuya, sannan ya yarda.

Gilashin da ke manne a jikin kwano

Sheƙin da ke jikin tangaran gilashi ne siriri da aka narkar a kansa, kuma abu uku ake haɗawa. Silika ita ce gilashin, amma ita kaɗai sai wajen digiri 1700 take narkewa. Sai a kawo abin da zai sauko da ita, kamar tokar itace ko farin dutsen da ake yin siminti da shi ko felsfa. Sannan a sa farar ƙasa don aluminar da ke cikinta ta ba narkakken gilashin kauri, kada ya zurare ya liƙe kwano da daɓen tanderu. In gilashin ya fi jikin kwano tsukewa wajen hucewa, sai ya tsattsage kamar gidan gizo. In jikin ne ya fi tsukewa da yawa, sai gilashin ya ɓantare. Daidaita su biyun lissafi ne tsagwaronsa.

Launi kuwa shi ne inda mai zane da masani suke sunkuyawa kan allo guda. Tsatsar ƙarfe ɗaya ce, amma in wutar ta samu isasshiyar iska sai ta ba da ruwan zuma ko ruwan ƙasa, in kuma aka toshe iska hayaƙi ya cika tanderu, yunwar iska ta sa wutar ta ƙwace iskar da ke cikin tsatsar, sai a samu kore mai sanyi. Jan ƙarfe yana ba da kore a wuta mai iska, ya ba da ja kamar jini a wuta mai hayaƙi. Kobal, ko kashi ɗaya cikin 100 bai kai ba, zai shuɗa kwano gaba ɗaya. Gwani yakan jera 'yan faifai goma sha ɗaya, na farko toka zalla, na ƙarshe farar ƙasa zalla, na tsakani kowanne da ƙarin kashi 10, ya rubuta lamba a bayan kowanne, ya gasa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Lissafi zai gaya masa wanne ne zai narke, amma zaɓen wanda ya fi kyau aikin ido ne.

Akwai wurin da ido ba ya isa. Dalma tana sa gilashi ya narke da ƙaramar wuta ya yi ƙyalli mai ban sha'awa, amma abinci mai tsami, kamar kunun tsamiya, yana iya tsotso ta daga jikin kwano. Maƙwabtan Zamfara ba sa bukatar a yi musu bayanin gubar dalma, bayan ɗaruruwan yaran da ta kashe a ƙauyukan haƙar zinariya a 2010. Ƙurar silika ma tana lalata huhu a hankali, shi ya sa mai ilimin sana'ar yake niƙa da ruwa, yake goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara.

Daga Abuja ta da zuwa Samaru

Wannan zumunci na zane da kimiyya tsoho ne. Sinawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna gina tangaran a Jingdezhen Turawa suna saye da tsada ba su san sirrin ba, sai a 1708 da masanin lissafi Tschirnhaus da mai haɗa sinadarai Böttger suka gano shi a Dresden, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. A Ingila, maginin tangaran Josiah Wedgwood ya zama ɗan ƙungiyar manyan masana kimiyya ta ƙasar a 1783 saboda na'urar auna zafin tanderu da ya ƙera.

A Arewacin Nijeriya kuwa, labarin ya ɗauki sabon salo a farkon shekarun 1950, lokacin da Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tangaran a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu. Ya dage a kan a yi aiki da kayan gida: yumɓun gida, duwatsun gida, tokar gida, tanderu mai cin itace. Wannan ya tilasta masa zama rabin masanin duwatsu, kuma littafin da ya wallafa a 1969 cike yake da bayanin ma'adinai da lissafin gilashi. A 1954 Ladi Kwali ta shigo cibiyar, ita ce mace ta farko. Ta zo da gwanintar ginin hannu irin na Gwari, wadda tun kafin nan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yake tara tukwanenta. Ta ci gaba da gina manyan tuluna da hannu, tana tsaga musu zanen ƙadangare da kunama da kada da kifi, sai dai yanzu ana cike tsagar da farar ƙasa, a rufe da gilashi, a gasa da babbar wuta. An nuna aikinta a Landan tun 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Sai dai kowace riba da farashinta. Tulun da aka rufe da gilashi ya yi nauyi, kuma ya daina sanyaya ruwa, tunda an toshe ƙofofin da yake numfashi da su. Ya bar gindin bango ya koma ɗakin nuni. Wannan darasi ne da masu zane na zamani suka riƙe: kimiyya tana sauya abin da hannu ya gina har ya zama wani abu dabam, kuma dole mai aikin ya san abin da ya saya da abin da ya sayar. Magdalene Odundo, 'yar Kenya da ta zo cibiyar Abuja a 1974 ta koyi ginin hannu, ta zaɓi wata hanya. Ba ta sa gilashi. Goge tukwanenta take yi har su yi sheƙi, sannan ta sarrafa iskar tanderu su fito ja ko baƙi, kuma manyan gidajen tarihi na duniya suna ajiye aikinta.

Zariya ce ta gaji wannan tattaunawa. Tun makarantar da ta haifi Jami'ar Ahmadu Bello tana ɗauke da zane da kimiyya da fasaha a cikin sunanta, kuma a can ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, suna kiran a haɗa gadon gida da dabarun zamani. Yau a Samaru ta Zariya, sashen da ke koyar da tangaran da saƙa yana cikin harabar jami'a ɗaya da sashen injiniyan sinadarai, kuma farar ƙasar Ƙanƙara tana shiga ƙofofin biyu. Masu tangaran suna gina kwanuka da tubalin tanderu da ita. Injiniyoyi kuwa sun yi rubuce-rubucen bincike masu yawa a kanta: yadda za a ciro alumina, yadda za a yi alif na tace ruwa, yadda za a mayar da ita ziyolayit, wani gari mai ƙananan ƙofofi da matatun man fetur ke amfani da irinsa. Matakin farko na yawancin wannan aiki shi ne wanki da gashi, wato ainihin abin da mai tangaran yake yi. A garin kuma akwai cibiyar binciken makamashi ta jami'ar, wadda ta fara aiki da ƙaramin injin nukiliya na bincike a 2004, inda ake iya tantance sinadaran da ke cikin ɗan pinci na ƙasa.

Kowa yana da abin da yake karɓa daga ɗan'uwansa. Mai tangaran yana samun takardar da ta gaya masa yawan ƙarfen da ke cikin ƙasarsa, ya rage gwajin makanta. Masani kuma yana samun abin da na'ura ba ta bayarwa: sanin yadda ƙasa take a hannu, da yadda gefen tanderu yake fin wani gefen zafi, da dalilin da ya sa haɗin da ya yi kyau a cokali yake lalacewa a buhu.

Tokar Faskari da Sabuwa

Abin da ya rage shi ne sana'ar ta dawo kusa da ramin. Faskari da Sabuwa, da ke yanki ɗaya da Ƙanƙara, ƙasar noma ce, ta masara da dawa da auduga da shinkafar fadama, kuma abin da ake ƙonawa a zubar bayan girbi kayan aiki ne a idon mai tangaran. Tokar ƙaiƙayin shinkafa kusan duk silika ce, takan haura kashi 85 cikin 100, kuma ta riga ta zo a niƙe. Tokar itace tana da sinadarin da ke narkar da gilashi. Matan yankin da ke tace ruwan toka don miya ko sabulu sun riga sun san cewa tokar kara dabam take da ta itace. Har ƙaiƙayin da ba a ƙona ba yana da aiki: in aka cuɗa shi da yumɓu aka gasa, yana ƙonewa ya bar ƙananan ƙofofi, a samu tukunyar tace ruwan sha irin wadda aka fara yi a Gwatemala a 1981.

Ba wanda zai manta halin da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka shiga na hare-haren 'yan bindiga, wanda ya raba mutane da gonaki, ya sa zuwa rami a daji ya zama sayar da rai. Amma ginin tangaran aiki ne na cikin gari, kuma jarinsa na farko ba shi da yawa: tankin wanki, sikeli mai kyau, rariya, littafin rubuta gwaji, da tanderun da za a iya gina shi da tubalin farar ƙasar kanta. Buhun ɗanyar ƙasa kuɗinsa kaɗan ne, buhun wankakkiya ya fi shi, kwanukan da za su fito daga buhu guda kuwa sun ninka su duka. Tazarar da ke tsakani ilimi ne, rabinsa yana hannun maginan tukwane da ke kasuwannin yankin, rabinsa yana Samaru. Makarantar sakandare da ke koyar da sinadarai a Ƙanƙara tana iya gayyatar maginiya ta nuna wa ɗalibai yadda ake gane yumɓu, malamin kimiyya kuma ya nuna musu yadda ake auna tsukewarsa. Yaron da ya koyi biyun tare, shi zai iya tsayawa a bakin rami ya faɗi abin da ƙasar garinsu za ta iya zama, ya kuma gina shi da hannunsa.